Taɓaryar Inna

Litinin, 19 ga Afrilu 1999, bayan la'asar

Bai ci ba. Tuwon shinkafa na yi masa da miyar taushe, abin da a da in na yi sai ya suɗe kwano yana tsokanata wai na zuba masa asiri. Ya buɗe, ya ce sannu, ya mayar da murfi.

Tun bayan Babbar Sallah da aka sako mijina daga tsare gidan nan bai rabu da 'yan barka ba, kowa da haƙurin da zai ba ni. Shekara biyu ina jin Ummulkhairi ki yi haƙuri, yanzu kuma ana cewa in gode wa Allah. Na gode wa Allah. Amma malamin makarantar da ya fita da safe da alli a aljihu, ba shi aka dawo mini da shi ba. Wannan yana zaune a tabarma a bakin ɗaki tun safe har magariba, hannun dama a ɓoye cikin riga.

Aikin jinya nake yi, na ga hannu iri-iri a asibiti. Wannan ƙashin barinsa aka yi ya haɗe yadda ya ga dama. Babban yatsa da biyun da ke kusa da shi ba sa haɗuwa. Hannun hagun kuwa rawa yake kamar na mai zazzaɓi. Ba zan rubuta abin da na gani a bayansa ba.

Laraba, 21 ga Afrilu, da hantsi

Jiya ya yi magana mai tsawo, kuma gara da bai yi ba.

Ni na jawo. Na ajiye masa takarda da biro a gefen tabarma, don Malam mutum ne da tun ina amarya ba ya iya kwana bai yi rubutu ba, ko na jarida ko na banza. Ya daɗe yana kallon biron. Ya sa hannu, biron ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Sai ya ce,

"Ummu, da hannun nan yana riƙe biro da tuni na rubuta miki takardarki. Ba ki tsufa ba. Ki je ki yi rayuwa."

Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Bakinka ai lafiyarsa ƙalau. In so kake ka faɗa mana."

Ya ce, "Ba zan sake ki da baki kamar ɗan tasha ba. Kuma ba wanda zai ƙara rubuta abu ya ce ni na faɗa."

Na shiga kicin na yi ta wanke tukunyar da na riga na wanke. Ashe abin da ya rage ya riƙe aurena karyayyen hannu ne.

Juma'a, 23 ga Afrilu, da yamma

Bai ci ba.

Asabar, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Mai rake ya wuce ta layinmu na saya, don ko ruwansa ya shiga cikinsa. Na fere na miƙa masa gaɓa ɗaya. Ya karɓa da dama ba tare da ya lura ba, kuma ya riƙe. Ya riƙe gam, bai zame ba. Na tsaya ina kallo kamar sokuwa.

Da ya ajiye na ɗauki sauran na zagaye kaurinsa da zare, na ƙulla. Ba hannun ne ya mutu ba, biron ne ya yi masa siriri.

Na san abin da ya ce zai fara rubutawa. Ban manta ba. Amma mutumin nan narkewa yake a gabana kamar kyandir, kuma na san ba tuwo ne zai tashe shi ba.

Litinin, 26 ga Afrilu, bayan tashi daga aiki

Na faɗa wa Uzoamaka, abokiyar aikina da muke ɗaki ɗaya a asibiti. Rabi na faɗa mata, ban da maganar takarda. Ta ja ni wurin mijinta Jude, wanda yake da rumfar kafinta a bayan titin Gidan Zoo. Shi ne mai fere ƙafafun tebur da na gado a injin da yake juya katako. A Kano aka haife shi, Hausarsa har da karin magana.

Na nuna masa zaren, na ce biron katako nake so mai wannan kauri. Ya ce, "Sista, wannan ai ba aiki ba ne, kafin ki gama shan ruwa na gama. Amma hannun da ya karkace sai an yi ta gwadawa ana ragewa. Ki kawo Malam in ga hannun."

Na ce Malam ko ƙaninsa ba ya bari ya ga hannun.

Sai ya tambaye ni ko ina da keken ɗinki na ƙafa. Na ce ina da shi, na kayan ɗakina, ya yi ƙura. Ya ce to ni zan koya, tunda ni kaɗai hannun ya yarda da ni.

Uzoamaka ta yi dariya ta ce, "Ke da ko fensir ba ki iya ferewa ba." Gaskiya ta faɗa.

Alhamis, 29 ga Afrilu, da yamma

Jude ya zo da sallama ya tsaya a zaure, na turo masa keken. Ya cire kan ɗinkin, ya ɗaura wasu ƙarafa biyu masu tsini suna kallon juna, ya mayar da igiyar. In na taka feda, guntun katakon da ke tsakanin ƙarafan sai ya juya. Ya ba ni kurfi biyu, irin ƙarfen nan mai kaifin baki da ake fere katako da shi, da samfefa ta goge katako, da guntayen farin katako cike da leda. Ya nuna mini yadda ake fara huda rami a tsakiya, inda bututun tawadar biro zai shiga, kafin a fere waje.

Ya ce, "Kada ki tura ƙarfen. Ki ajiye shi kawai, katakon ne zai zo ya same shi."

Na tura. Guntun ya yi tsalle ya daki bango.

Malam yana ciki yana jin komai. Bai fito ba.

Lahadi, 2 ga Mayu, da hantsi

Ƙafata tana taka feda, hannuna yana mantawa. Hannuna ya tuna, ƙafata ta tsaya. Na ɓata katako har ledar ta kusa ƙarewa, na yanke a yatsa, garin katako har cikin miya. Wani ya fito kamar ƙwarya, wani kamar muciya. Maƙwabciyata Hauwa ta leƙo ta katanga ta ce wai ko sana'ar asibitin ce ta daina ci. Na ce mata gyaran keke nake.

Abin da ban zata ba shi ne in ina takawa ba na tunani. Tun da aka tafi da shi ban samu wurin da kaina yake yin shiru ba sai a kan keken nan.

Ya sha kunu kaɗan.

Laraba, 5 ga Mayu, bayan magariba

Na samu ɗaya ya fito daidai da zaren. Na sa masa bututun tawada na ajiye a gefen tabarma, na koma kicin ina leƙe.

Ya ɗauka. Ya riƙu a hannun. Amma da ya kai shi kan takarda sai bakin biron ya hau rawa, ya yi ta zane kamar sawun kaza. Ya yi wurgi da shi har cikin kwatami.

Na yi kuka a kicin, sannan na share ido na yi tunani irin na aiki. Tsofaffin da hannunsu ke rawa a ɗakinmu na asibiti, in an ba su cokalin roba sai su zubar, in an ba su na ƙarfe mai nauyi sai su kai baki. Farin katakon nan ba shi da nauyi ko kaɗan. Nauyi ake so.

Juma'a, 7 ga Mayu, da safe

Bai ci ba. Ya daina fitowa tabarmar ma.

Lahadi, 9 ga Mayu, da yamma

Na je Tarauni gaida Inna, mahaifiyata. A bayan gidanta akwai tsamiya, na sa Ɗanladi mai faskare ya saro mini reshe. Nauyinsa kamar dutse. Inna ta tambaya na ce magani zan haɗa. Ta dube ni irin kallon nan nata, ta ce Allah Ya ba da sa'a.

Ya yi daɗin ferewa, ɓawon yana fita dogo-dogo yana ƙamshi. Kafin magariba na gama. Ban taɓa yin abu mai kyau haka da hannuna ba. Na ɓoye shi a kan kwabet sai na samu ranar da ransa ya yi sanyi.

Laraba, 12 ga Mayu, bayan azahar

Ya tsage. Daga baki har gindi, tawadar a waje.

Na hau acaɓa da shi a hannu har rumfar Jude, ko kayan aiki ban cire ba. Ya juya shi ya shinshina ya ce,

"Haba Sista, ɗanyen icce kika fere? A wannan zafin? Ai ruwan da ke ciki in ya tashi fita ba ya neman ƙofa."

Na ce to yaya ake yi. Ya ce a yanka, a toshe bakin da kakin kyandir, a ajiye a inuwa sai baɗi war haka.

Na ce, "Baɗi?"

Ya ce, "Icce ba ya jin sauri."

Na zauna a kan bencinsa cikin garin katako. Ba ni da baɗi. Jiya na ga wandonsa ya zame daga ƙugu yana tsaye, ya riƙe da hagu yana kallon bango don kada mu haɗa ido. Ba ni da baɗi, ba ni da ko damina.

Jude ya ce mai nauyi kuma busasshe, sai dai kirya, iccen da ake turmi da taɓarya da shi.

Asabar, 15 ga Mayu, da la'asar

Na sayo sabuwar taɓarya a kasuwar Tarauni na kai wa Jude. Ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfe, ya kara kunne, ya ce wannan watan jiya tana tsaye a daji. Waje ne ya bushe. Ya ce masu sassaƙa ba sa jira, don taɓarya ko ta ɗan tsage tana daka, biro kuwa ba ya yafe tsaga.

Ya ce, "Sai tsohuwa. Wadda ta ga shekaru."

Na yi masa sallama na dawo gida. Akwai ta a bayan ƙofar kicin ɗina. Ta kakata ce, ta ba Inna ranar da aka kai ta ɗaki, Inna ta ba ni ranar da aka kawo ni Gyaɗi-Gyaɗi. Ta yi baƙi, tsakiyarta ta yi sulɓi saboda hannun mata uku. A gidanmu ko tsallake ta ba a yi.

Litinin, 17 ga Mayu, da asuba

Ban yi barci ba. Bai ci ba.

Talata, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Na yanka. Zarton Jude na aro, na yi ta ja har kafaɗata ta sage, don kirya ba ta san wasa ba. Cikinta ja ne wur, a bushe ƙamas.

Ina cikin yi sai ga Inna da sallama, ta kawo wa Malam fura. Ta tsaya a tsakar gida da ƙwaryar a hannu tana kallon taɓaryar uwarta gida biyu.

Ta ce, "Ummulkhairi, me na gani?"

Na faɗa mata. Duka na faɗa, har maganar takarda, don na gaji da riƙe ta ni kaɗai. Ta ajiye furar a hankali ta ce,

"A tsawon rayuwata ban taɓa jin macen da ta sassaƙa wa miji alƙalamin sakinta ba. Wuƙar da za a yanka ki kike wasawa, kuma da taɓaryar uwata. Macen da ta karya taɓaryarta ai ta gama da ɗakin."

Na ce, "Inna, gara ya sake ni yana raye da in yi masa takaba."

Ta ɗauki mayafinta ta fita ko sallama babu. Ban taɓa mayar wa Inna magana ba sai yau, kuma a tsakar gida muka yi, ƙofar ɗakinsa a buɗe.

Juma'a, 21 ga Mayu, da hantsi

Kirya tana cinye kaifin kurfi, sai na yi ta wasawa a dutse. Huda ramin kaɗai ya cinye mini yamma biyu, ina yi ina addu'a kada ya karkace. Ba ta fitar da ɓawo, sai gari ja mai shiga hanci. Tafin hannuna duk ya yi bororo, a wurin aiki Uzoamaka ce take karɓar mini allurai.

Gari ya cika da maganar miƙa mulki. Rediyo, masu acaɓa, majinyata a kan gado, kowa farar hula, farar hula. Hauwa ta ce yanzu kam an huta. Wanda ya huta ya huta.

Lahadi, 23 ga Mayu, bayan azahar

Ina taka feda sai na ga inuwa a kan keken. Shi ne, a tsaye, ya jingina da bango. Rabonsa da fitowa tsakar gida an kwana biyu.

Ya ce, "Ɗinki ba zare."

Na ce, "Haka ake yayi yanzu."

Ya daɗe yana kallon katakon yana juyawa. Sai ya ce, "Kin san abin da zan fara rubutawa da shi."

Na ce na sani. Ban daina takawa ba.

Ya ce, "To don me?"

Na ce, "Don na gaji da zama da gawa."

Ban so na faɗa haka ba. Ko kuma na so. Ya koma ɗaki.

Talata, 25 ga Mayu, da yamma

Ina tsoro. Ina tsoron ya tsage, ina tsoron kada ya tsage. Gaba kura baya sayaki.

Alhamis, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Inna ta aiko Ɗanladi da curin man kaɗanya a ganye. Saƙon da ta ba shi ke nan, wai a ce mini kirya mai take sha, uwarta duk shekara take shafa mata. Ba gaisuwa, ba komai.

Na goge shi da samfefa har ya yi sulɓi, na rage wurin da babban yatsansa zai kwanta, na shafa man ina juya shi a keke da tsumma har ya yi zafi. Ya fito ja mai duhu yana ƙyalli. Na auna da zaren. Daidai.

Na sa shi cikin akwatina. Ban ba shi ba.

Asabar, 29 ga Mayu, da azahar

Yau ake rantsar da sabon shugaban ƙasa. Duk layinmu an taru gidan su Hauwa ana kallon talabijin, an ƙure murya. Da aka fara kiɗan fareti da takun takalma, sai na ji ƙofar ɗakinsa ta rufu. Na same shi a lungun gado ya juya fuska bango, ya sa hannun tsakanin cinyoyinsa. Na zauna a ƙasa kusa da shi har aka gama. Ana ta tafi a maƙwabta.

Ban ba shi ba. Bai ci ba.

Lahadi, 30 ga Mayu, da safe

Matsoraciya ce ni. Na yanka taɓaryar kakata, na ɓata da uwata, sannan na ɓoye abin a ƙarƙashin zannuwa. Gobe.

Litinin, 31 ga Mayu, bayan la'asar

An yi ruwan farko da rana, tsakar gida tana ƙamshin ƙasa. Na yi wanka na sa atamfar da yake so, don in ma tafiya ce kada in tafi a wulaƙance. Na shimfiɗa tabarma, na kawo takarda da kaina, na ɗora a kan faranti, na ajiye biron a kai. Na kira shi ya fito.

Ya ɗauka. Yatsun uku suka kwanta a inda na yi musu wuri. Ya ɗaga shi yana jin nauyinsa. Ya kai kan takarda, bakin ya ɗan yi rawa, sannan ya tsaya.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Harafi ɗaya sai ya huta, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana cije leɓe. Ni kuwa ina kallon ruwan da ya kwanta a kwatami ina lissafin abin da zai shiga akwati ɗaya. Na yanke cewa keken zan bari, ba zan iya ganinsa a Tarauni ba.

Ya juyo da farantin wajena. Na kasa dubawa. Ya ce, "Karanta mana."

Rubutun kamar na ɗan aji ɗaya, manya-manya, yana gangarowa ƙasa. Ga abin da ya rubuta:

Ya yi nauyi ta baya. A rage. Akwai sauran taɓaryar?

Na karanta na sake karantawa. Na ce, "Sannu, mai gyara. Mutum ya yi wata yana ɓare hannu, abin da za a ce masa ke nan?"

Ya ce, "To ƙarya zan rubuta?"

Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Na tashi da gudu na shiga kicin, na toshe bakina da zane don kada Hauwa ta ji ta zaci mutuwa aka yi.

Talata, 1 ga Yuni, da hantsi

Bai ce ya fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Na rage bayan kaɗan na kai masa, ya gwada ya rubuta cewa yanzu kuma gaban ne ya yi kauri. Na ce sai jibi, hannuna ciwo yake. Ya rubuta, ba sauri.

Na auna abin da ya rage na taɓaryar da zaren nan. Tana da tsawo.

Ya ci, har ya nemi yaji.